Zakara a Ƙarƙashin Hijabi

Tun da na dawo daga Nijar ban huta ba. Wadda ta zo aron rariya sai ta nemi kujera, wadda ta zo yi mini sannu da zuwa sai ta kwance goyo ta miƙe ƙafa, kuma tambayar dai ɗaya ce: "Malama Binta, wai da gaske ne a zanin aro kika ci sunan?" Da gaske ne. Na kuma san wadda ta baza labarin, Hajiya Talatu ce, don mu biyu kaɗai muka yi tafiyar, ni kuwa ban faɗa wa kowa ba. Tunda ta riga ta tona, gara in ba da shi da kaina tun daga farko kafin ta ƙara masa gishiri. Shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare a nan Daura, alƙalami bai gagare ni ba. Duk wadda ta sake tambaya sai in miƙa mata takarda in ci gaba da aikina.

Ƙanwata Hassu, uwa ɗaya uba ɗaya, aure ya kai ta wani ƙauye gabas da Matamaye tun muna da sauran ƙuruciya. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar da gonar da ba ta ciyar da gida, sai ta kama kiwon kaji da zabi. Da su Allah ya rufa mata asiri. Ƙwai ne ya yi wa yaran makaranta, zabi suka yi wa babbar 'yarta Zulai kayan ɗaki. Ranar da kajin nan suka bar gidan Hassu, ranar ba a ɗora tukunya. Zulai ɗin ce ta haihu, haihuwar fari, aka aiko mini da ranar suna.

Innarmu, Allah ya ji ƙanta, tana da wani irin kaji nata, dogaye jajaye, masu gashi har kan yatsu kamar sun sa safa. Da ta rasu ni na gaje su, don ni ce a gari. Hassu kuwa duk wayar da za mu yi sai ta ƙare da cewa, "Yaya, yaushe za ki kawo mini zakaran Inna in sa a cikin nawa?" Shekara da shekaru ina ce mata in sha Allahu. Wannan karon na ce ta share wuri, yana tafe.

A satin tafiyar kaji biyu suka mutu mini, ɗaya da safe, ɗaya kashegari. Ana kuma ta cewa na gidajen gona a bayan gari suna zuba. Na ce sanyi ne, na jiƙa wa sauran barkono da ɓawon maɗaci kamar yadda na ga Inna na yi. Maigidana Malam Idi yana zaune yana kallona ina cusa babban zakaran a kwando, ya ce, "Binta, rediyo fa yana ta faɗa, murar tsuntsaye ta shigo. An ce a daina yawo da kaji gari zuwa gari."

Na ce, "Malam, wannan ciwon kajin Turawa ne, waɗanda ko iska ta kaɗa sai su faɗi. Kajin Inna sun ga abin da ya fi haka."

Ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya." Mutumin nan ya san ni, ba ya ɓata yawunsa.

Talatu ƙawata ce tun lokacin amarci, atamfa take kaiwa Nijar, ta san hanyar Kwangwalam ta san ta Babban Mutum, kuma babu direban da ba ta taɓa yin faɗa da shi ba. Da ta ga kwandon a tasha sai ta riƙe haɓa ta ce, "Iye! Yau da ango za mu yi tafiyar?" Aka cusa mu mu huɗu a kujerar baya, ni da Talatu da wata mai tsohon ciki da wani bawan Allah mai rungume da injin markaɗe. Kwandon yana kan cinyata. Har Mai'aduwa injin nan yana sukar haƙarƙarina, mai shi yana ba ni haƙuri, ina cewa babu komai ina harararsa.

Dab da iyaka direba ya waiwayo ya ce duk mai kaza ko ƙwai ya san inda zai yi da su, kwana biyun nan ba a wucewa da su. Na dubi kwandon da ke kan cinyata. Talatu ko a jikinta. Ta zaro zakaran, ta tura kansa ƙarƙashin fiffike, ta ɗan jijjiga shi, ya yi lakwas. Ta ce, "Sa shi cikin hijabi, ki rungume, ki yi kamar mai ciwon ciki. Kuma don Allah kada ki yi magana, ke ba ki iya ƙarya ba, fuskarki tona ki take." Kwandon kuwa ta cika shi da turamen atamfa.

Haka na sauka ina tafiya a duƙe, ni Binta, wadda ta shekara talatin tana dukan 'ya'yan mutane a kan satar amsa. Wani ma'aikaci matashi mai ladabi ya hango ni, ya taso da gudu ya ba ni bencinsa a inuwa. "Sannu Mama, jikin ne? A kawo ruwa?" Na gyaɗa kai. Ya ce, "Ba ku dai ɗauko kaji ko ƙwai ba ko?" Talatu ta ce, "Atamfa ce kawai, ɗana." Ni kuwa na yi nishi. Ya yi mini addu'ar samun sauƙi har da rakiya zuwa mota. Wallahi na ji kunya, amma ba ta kai ta in buɗe hijabi ba.

A ɓangaren Nijar abin da ya fara ba ni mamaki shi ne layi. Can ba a san "ka san ko ni wace ce" ba. Jandarma ya tattara katunan kowa, ya shiga rumfa, ya riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya, a kira ka ka amsa ka wuce. Da ya zo kan nawa sai ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton. Ya ce, "Hajiya, wannan ɗiyarki ce?" Na ce ni ce, hoton ne ya daɗe. Ya ce, "To lalle ya daɗe." Talatu ta yi dariya har tana riƙe mota. Duk wannan tsayuwa zakara bai ko motsa ba. Da muka wuce na fito da shi ina yaba masa, ina cewa kun ga ɗan gidan mutunci, ko tari bai yi ba.

Ba mu yi nisa ba motar ta fara fitar da hayaƙi ta mutu. Direba ya buɗe gaba ya tsaya yana kallon injin kamar mai gaisuwar mutuwa. Mai injin markaɗe ne ya cece mu, ashe makanike ne, na ji nauyin hararar da na yi masa. Amma kafin mu shiga Matamaye la'asar ta yi, motar ƙauyen su Hassu kuwa sau ɗaya take tashi, da hantsi. Dole muka nemi masauki.

Talatu ta kai mu gidan wata mai sayen kayanta, Hajiya Mariyama, mace mai faɗin jiki da faɗin zuciya. Kafin mu shiga Talatu ta mayar da zakaran kwando ta rufe da zani, ta ce mutanen nan ba sa wasa da doka, kada mu jawo wa matar magana. Muka tura shi bayan ƙofar ɗakin baƙi.

Gaisuwarsu kaɗai ta isa ta sa ƙafa ta yi sanyi. An tambaye ni gajiya, an tambayi gida, an tambayi sanyi, an tambayi ƙurar hanya, aka koma kan gajiya. Sai ga 'yar Hajiyar ta shigo a kan babur, ita ke tuƙawa, da goyo a baya da cefane a gaba. Na ce a raina, da a unguwarmu ne da sai an yi sati ana zancen. Aka kawo mana kwaɗon zogale wanda suke kira kopto, ya sha ƙuli da albasa, sai wani burodi dogo siriri mai tauri. Na gatsa sau ɗaya na tuna haƙorana ba na da ba ne, na tsoma shi a miya. Aka biyo da shayi a 'yan ƙananan kofuna, na farko da ɗaci, na biyu dama-dama, na uku zaƙi zalla. Na shanye na farko na kife kofi na ce alhamdu lillahi, Talatu ta taka mini ƙafa, ashe barin sauran biyun rashin ladabi ne.

Ina shan na biyu idona ya kai kan akurki uku a gefen tsakar gida, duk babu komai ciki. Na tambaya. Hajiya Mariyama ta ce, "Bari kawai, 'yar'uwa. Bara cikin kwana huɗu suka ƙare tas. Wannan ciwo naku na Najeriya ne ya shigo mana."

Na ajiye kofi. Na ce, "Namu? Ai mu a Daura kowa ya san daga arewa yake gangarowa, daga wajenku."

"Haba! Ku da kuke da gidajen gona, kaji kamar yashi?"

"Ku kuma da kuke tara zabi kuna turo mana duk ranar kasuwa?"

Muka yi ta yi har aka kira magariba, tana ɗora wa ƙasata ina ɗora wa tata, muna dariya. Ban taɓa kare Najeriya da ƙarfi irin na ranar ba, alhali ga abin da ke bayan ƙofa.

Da asuba na tashi da fargabar zai yi cara ya tona mu. Zakarun maƙwabta suka yi, na nesa suka amsa, nawa shiru. Na zuba masa gero bai kula ba. Na ce wa Talatu, "Anya kuwa?" Ta ce, "Ke ma in an shigo da ke ƙasar mutane ba takarda, cara za ki yi? Baƙunta ce." Na yarda, don ina son in yarda.

Motar ƙauye mai buɗaɗɗen baya ce, an shimfiɗa katako an ce kujera. Muka hau da buhuna da jarkoki da akuya ɗaya. Kusa da ni wani dattijo ne fari fat da furfura, ana ce masa Baba Ɗan'azumi, a gabana kuma wani mutum mai tabarau riƙe da akwatin sanyi. Da aka gaisa na ce gidan Hassu mai zabi za ni, sai ya washe baki. Ya ce sunansa Lawali, likitan dabbobi ne, allurar awaki zai je yi, kuma duk yankin babu mai kula da kaji kamar Hassu. Ya ce, "Ita kaɗai ce ciwon bara bai taɓa ba, don ko kazar kasuwa ba ta bari ta shiga gidanta." Na ce ma sha Allahu, na ƙara tura kwandon ƙarƙashin ƙafafuna.

Hanyar yashi ce zalla. Wajen azahar injin ya yi zafi a gefen wani babban tafki, direba ya ce kowa ya sauka a jira ya huce. Muka zauna a gindin gawo. Tafkin cike yake da tsuntsaye, agwagin daji da wasu masu dogayen ƙafafu da ban san sunansu ba, ga kuma kajin wani ƙauye suna kiwo a bakin ruwan tare da su.

Tunda ga likita a kusa, sai na ce bari in ci gardamar jiya ko da Hajiya Mariyama ba ta nan. Na ce, "Likita, raba mu. Wannan murar kaji, daga Najeriya take ko daga Nijar?"

Ya yi dariya ya nuna tafkin. Ya ce, "Hajiya, tambayi waɗancan, su ba su da kati. Daga ƙasashen sanyi suke tasowa, su ƙetare teku da hamada su sauka a nan, in zafi ya zo su koma. A cikinsu wannan mura take zaune tun asali, da yawansu tana jikinsu ba ta kayar da su. Su yi kashi a ruwa, kazar gida ta sha, ita kuwa ba ta iya ɗauka. To daga nan aikin tsuntsu ya ƙare, namu ya fara. Mu ne muke kai ta kasuwa a kwando, mu kai ta gida a tafin takalmi da tayar mota."

Talatu ta ce, "To ai mu in kaza ta fara layi, maza muke sa wuƙa kafin ta zama mushe, a yi farfesu."

Ya daina dariya. Ya ce nan ne inda yake jin tsoro. Ba kasafai take kama mutum ba, amma in ta kama, mai yanka da mai fiɗa da mai fige gashi take fara kamawa, kuma ba ta zuwa da wasa. Abin da ya fi wannan, in ji shi, ita mura iri-iri ce, akwai ta mutane, akwai ta tsuntsaye, akwai ta aladu. In biyu suka haɗu a jiki ɗaya, sukan yi musayar kaya su haifi sabuwa wadda jikin kowa bai san ta ba. In wannan ta koyi tsallakawa daga mutum zuwa mutum, shi ke nan, sai ta zaga duniya. Ya ce manyan annobar mura da aka yi a baya, masana suna ganin ta irin wannan hanya suka faro.

Baba Ɗan'azumi, wanda na ɗauka barci yake, ya buɗe ido. Ya ce kakarsa ta ga irin wannan tana budurwa, annobar da tsofaffi ke kira marisuwa, bayan yaƙin Turawa na farko. Ya ce, "Ta ce mana gari guda aka rasa masu haƙa kabari. Kuma ba baƙo ne ya kawo musu ba. Yayanta ne ya dawo daga fatauci, aka yi murna, aka yi guɗa, kowa ya zo ya rungume shi. Har ta mutu ba ta daina cewa da ya san abin da ya ɗauko, da a daji zai kwana ba."

Na juya wajen likita. Na ce, "Likita, yaya ake gane kazar da ta kamu?"

Ya ce takan yi shiru, ta ƙi ci, fuska ta kumbura, zankon kai ya koma baƙi-baƙi, wani lokaci ma ba a ganin komai sai gawa.

Na tashi kamar zan gyara kaya, na je bayan motar na ɗaga zanin. Idanunsa a rufe, fuskar ta haye, jan zankon nan da nake alfahari da shi ya yi duhu. Sai a lokacin na gane shirun da na yi ta yabo a kan iyaka ba tarbiyya ba ce. Na tuna kajina biyu. Na mayar da zanin, na hau mota, ban ce wa kowa komai ba. Daga tafkin zuwa ƙauyen tafiyar rabin awa ce, kuma a rabin awar nan babu dabarar da ban ƙulla ba. Na ce ko gajiyar hanya ce. Na ce in ba ta shi in ce ta ware shi kwana biyu. Na ce ai in na yi shiru, ko wani abu ya faru, za a ce agwagin daji ne. Wannan ta ƙarshen ita ta fi daɗewa a raina, Allah ya yafe mini.

Motar tana tsayawa ne a gindin wata tsamiya a bakin gari. Tun daga nesa na hango Hassu da mata kusan goma, dangin mijin Zulai, an ci ado. Muna tsayawa aka ɗauki guɗa. Ta rungume ni tana kuka tana dariya, ta tsufa, ta koma Inna sak. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Ina yake? Na faɗa wa kowa yau za su ga kajin gidanmu." Ta kai hannu kan kwandon.

Na riƙe. Na ce, "Hassu, ba zai shiga ba."

Ta ɗauka wasa ne, ta ja. Na ja. Na ɗaga murya na ce, "Likita, zo ka ga abin da na ɗauko."

Ya zo ya leƙa, bai taɓa ba. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "Tun daga Daura?" Na ce tun daga Daura, a cikin hijabi. Ya ce, "Inna lillahi." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce ba zai rantse ba sai an gwada, amma ko kusa da gari kada ya je.

Hassu ba ta saki kwandon ba. Ta ce, "Yaya, ki ba ni shi. Ni na san kaji, zan kai shi bayan ɗaki in yi masa magani. Shekara nawa ina jira? Ko gashinsa ban gani ba."

Na ce, "Ba ki ganin komai. Sake shi."

"Na Inna ne fa. Ke kin ci moriyarsu shekara ashirin, ni ko ɗaya?"

Wannan ta shige ni, don gaskiya ta faɗa. Amma daga inda muke ina jiyo zabinta suna ta ƙara a cikin gari. Na buge hannunta kamar yadda nake yi muna yara, na ce, "Ni ce gaba da ke, na ce ki saki!" Ta saki. Matan nan kowa na kallon ƙasa. Hassu ta juya ta shige gari ba ta waiwayo ba.

Talatu, Allah ya shirye ta, ta matso ta ce a hankali, "To ko a yanka a ba masu tuƙin tuwo, kada a yi asara biyu?" Likita ya yi mata wani kallo, ta ce, "Tambaya na yi."

Likitan ya sa safar hannu ya yi abin da ya kamata can nesa da gari. Ya ɗauki abin da zai aika gwaji, aka haƙa rami mai zurfi, aka sa zakaran da kwandon da zanin rufin aka cinna wuta, aka binne. Aka wanke bayan motar, duk wanda ya hau ya wanke hannu da takalmi. Talatu ya sa ta shanya atamfofin da suka shiga kwandon, ya ce kada ta kai su gidan kowa sai an wanke da sabulu, ta kusa suma. Ni kuwa aka kewaya mini da tabarma a bayan tsamiya, aka kawo ruwa da sabulu, na yi wanka a bakin gari kamar wadda ta dawo daga kurkuku. Hijabina da leshin da na ɗinka musamman don sunan, da na cikin jakar da ta kwana jingine da kwandon, duk aka ƙulle a leda. Wata tsohuwa ta aiko mini da zani da riga. Tsohuwar gajera ce, ni kuwa kun san ni. To wannan shi ne zanin aron.

Haka na shiga gidan suna, babbar yaya daga Najeriya, hannu rabbana, ƙwauri a waje. Likita ya ce kada in je kusa da akurki, kada in ɗauki jaririya, kuma in na ji zazzaɓi ko tari cikin kwanakin nan in nufi asibiti in faɗi gaskiyar abin da na runguma. Aka sa wa yarinya sunan Inna. Daga bakin ƙofa na gan ta. Dangin miji suna ta ƙus-ƙus, wata har ta tambayi Talatu ko ina da taɓin hankali, Talatu ta ce kaɗan ne.

Hassu ta yi hidimarta, ta aiko mini da dambu da naman rago, amma ba ta zauna kusa da ni ba. Sai ranar da za mu tafi ta rako ni gindin tsamiya. Ta ce likita ya ce a ƙirga sati uku, in babu wadda ta faɗi, an tsira. Ta ce, "Na taɓa kwandon, Yaya. Na wanke hannu sau bakwai kafin in ba su ruwa." Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Allah ya yafe mana," ta gyara mini ɗaurin zanin.

A Matamaye na tsaya na faɗa wa Hajiya Mariyama abin da ya kwana a bayan ƙofarta, don ta wanke ɗakin. Ta yi salati, ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce, "To yanzu daga ina ciwon yake?" Na ce daga Daura, unguwarmu, gida na uku in an sha kwana. Ta yi dariya har da hawaye, ta ƙulla mini burodin nan mai tauri guda biyu.

Da na iso gida Malam Idi yana zaure. Ya yi mini sannu da zuwa, ya karɓi jaka, ya ce, "Binta, sai haƙuri." Na shiga na tarar da tsakar gida a share, an yayyafa magani, akurki a buɗe. Kwana biyu da tafiyata suka fara zuba, ya kira ma'aikatan dabbobi, aka binne har waɗanda ba su faɗi ba. Kajin Inna sun ƙare, babu ko ɗan tsako. Na zauna a kan turmi na yi kukan da ban yi a gindin tsamiya ba. Malam bai ce ai na faɗa miki ba. Ya dai kawo mini buta.

Sati ukun nan ban san yadda na yi su ba. Ni zazzaɓi bai kama ni ba, alhamdu lillahi, amma duk ƙarar waya sai in zabura in ɗauka. A ƙauyensu sai an hau tudu ake samun layi, don haka ba na iya kiranta, sai dai in jira. Na daina zuwa biki, na daina cin ƙwai, Talatu ta ce na rame har na yi kyau.

Ranar da kwanakin suka cika, da hantsi, wayar ta yi ƙara. Hassu ce, ta ari wayar wani mai sayen ƙwai wadda ke kamawa har cikin gida. Tana ta magana ba na jin ko kalma ɗaya, hayaniya ta cika layin. Na ce, "Hassu, ɗaga murya, me ya faru? Nawa suka mutu?" Ta yi ihu ta ce, "Yaya, ba na jin ki, hatsi nake watsa musu, sun rufe ni!"

Na ce, "To yi shiru. Kada ki ce komai. Miƙa wayar wajensu."

Ta miƙa. Na zauna a tsakar gidana da babu ko kaza ɗaya, waya a kunne, ina sauraron zabin Hassu suna faɗa a kan gero, har mai wayar ya ce a ba shi abarsa zai wuce.